Kwana Talatin da Na Cinye wa Ƙanina

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Rawayau ya san abin da hakan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce “kai”, in kuma zancena yake yi da wani sai ya ce “wancan”. Mutane suka ce mini kunyar ɗan fari ce, haka aka gada, son yana nan a ciki. To, na ji. Amma ƙanina da ke bi mini, shi nasa son ba a ciki aka ajiye shi ba, a fili yake kamar shanya. Shi ake ɗorawa a bayan keke ranar kasuwar Kurfi, shi ake miƙa wa ragowar fura, kuma tun bai fi ƙotar fartanya tsawo ba Baba ke gaya wa mutane hannunsa na da albarka.

Ni aka tura boko, shi aka riƙe a gona. Ranar da na samu aikin magatakarda a wata kotu a Dutsin-Ma, na taho gida da takardar a aljihun gaba, na karanta wa Baba ita daga sama har ƙasa, har da lambar da ke jikinta. Ya ce Allah ya sa alheri. Sannan ya juya ya tambayi ƙanina ko ƙafar san noma ta yi sauƙi. Ƙafar hagu ce ta baya, har yau ban manta ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙanin nawa ba shi da abin da zan kama. Da mugun hali gare shi da na samu inda zan rataye haushina. Ina! Mutum ne mai fara'a, mai kyauta, in na je gida shi ke rugowa ya karɓi jakata yana “Yaya, Yaya”, ya cika mini buhu da gyaɗa in zan dawo. Ina son shi, wannan ba ƙarya ba ne. Kuma ina jin kishinsa tun ina yaro har na yi furfura a gemu, wannan ma ba ƙarya ba ne.

A wata damina, gero ya fara fitar da kai, shanun maƙwabcinmu na ruga suka faɗa gonar ƙanina karo na uku. Maƙwabcin nan ba baƙo ba ne, tare suka tashi, Hausarsa ma ta fi Fulatancinsa. Aka yi cacar baki, zuciya ta ɗebi ƙanina, ya kai masa duka da ƙotar fartanya, hannu ya karye. Ƙanin nawa da kansa ya ɗauko shi a babur ya kai shi asibiti a Kurfi yana kuka. A can aka ce rauni irin wannan sai da takardar 'yan sanda. Daga nan magana ta fita daga hannun ƙauye, ta shiga fayil.

A garinmu in aka kai mutum gaban mai gari, dabarar guda ɗaya ce: ka riga kowa durƙusawa, ka ce ka yi laifi, a yi maka afuwa. Mai jayayya shi ke shan wuya, wanda ya amsa da wuri a yi masa faɗa a sallame shi. Wannan darasin Baba ya biya wa ƙanina kafin a shiga kotu, ya ce kada ya kuskura ya yi musu da manya. Ana karanta masa tuhuma kuwa ya zube ƙasa ya ce duk abin da aka faɗa ya yi, har da ƙari. Mai karyayyen hannu yana kwance a asibiti, babu wanda ya tashi ya ce ana maganar sulhu. Alƙali ya rubuta ya amsa laifinsa, ya yanke masa wata shida ba zaɓin tara.

Duk wannan bayan an gama na ji shi. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin kotu a lokacin, tafiyar da ba ta kai awa guda ba tsakanina da su, amma a cikin gidan nan kaf babu wanda ya tuna ya buga mini waya. Da sun kira ni da kalma biyu ta wadatar: a nemi ɗage zama, a kawo mai hannun ya ce ya yafe. Na yi baƙin cikin ɗaurin, amma in zan faɗi gaskiya rashin kiran ya fi yi mini zafi.

Kwana uku da hukuncin, ranar kasuwar Dutsin-Ma, na taso daga aiki na tarar da Baba zaune a kan dakalin ƙofar gidana, da ƙwarya a ɗaure cikin ƙyalle a gefensa. Duk mako yana shigowa garin cin kasuwa, amma bai taɓa taka ƙofar nan ba, sai dai ya ba wani saƙon gaisuwa. Ran nan ya shiga har ciki. Matata ta rasa inda za ta sa shi, ta shimfiɗa darduma a kan tabarma, ta dama fura, ta tara yara su gaida kakansu. Ya sha furar, ya goge baki, ya dube ni ido cikin ido, abin da ban saba gani ba.

Ya ce, “Kai ka san mutanen ga. Mun shirya da mai hannun, ya ce ya yahe duniya da lahira. Ka tai ka gaya ma alƙalin shi warware abin ga, shi sako mana yaron.”

Amsar tana bakina, don kusan kullum sai na ba wani ita ta tagar ofis. Alƙali in ya karanta hukunci ya sa hannu, to hannunsa ya fita, bakin alƙalami ya bushe. Ko da daga baya ya ga ya tsananta, ko wanda aka yi wa laifin ya zo yana birgima yana cewa ya yafe, ba shi da ikon ya buɗe fayil ya sake. Abin da aka bar masa kawai shi ne gyaran tuntuɓen rubutu, kamar a rubuta suna ba daidai ba. Wanda bai gamsu ba sai ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu, kuma kwana talatin ake ba shi. Ƙanina da ya amsa laifi ba zai ce bai yi ba, amma yana iya cewa hukuncin ya yi nauyi, a gabatar da sulhun a can, a nemi belinsa kafin a saurara. Hanya ce a buɗe, kuma muna da sauran kwana ashirin da bakwai.

Duk wannan bayanin bai fi minti biyu ba. Amma na san in na yi shi Baba zai tashi ya nemi lauya, ni kuma in koma “wancan”. Sai na gyara zama na ce, “Bari in ga yadda za a yi, Baba. Irin wannan ba a yi masa gaggawa.”

Ya yi ajiyar zuciya, ya turo mini ƙwaryar. Ƙwan zabi ne, ya ce a kai wa alƙali. Na san mutumin, mun taɓa aiki tare, ko goro ba ya karɓa daga mai shari'a. 'Ya'yana suka kwana uku suna cin wainar ƙwai.

Mako na zagayowa Baba ya dawo, na gaba ma haka. Na fara jiran ranar kasuwa kamar yaro mai jiran Sallah. Ina tashi aiki da wuri, in biya in sayi tsire, in iske shi a kan dakali. Mu zauna ya tambaye ni ina aka kwana, in ce ana nan ana kai, manya ba a shiga musu gaba gaɗi. Daga nan hira ta ɓalle. Ya ba ni labarin yadda kakanmu ya sari gonar fadama, ya tambaye ni ra'ayina kan ko a sayar da tsohon san noman nan, ni da ba a taɓa tambayata ko ina za a ɗaure akuya ba. Wata rana na raka shi tasha, na ji yana gaya wa wani ɗan garinmu cewa maganar tana hannun “namu na kotu”. Namu. Na dawo gida ina ta maimaita kalmar a kan babur kamar wani taɓaɓɓe.

Kada a ce ban yi komai ba. A mako na biyu na zauna na buga takardar ɗaukaka ƙarar da hannuna, tsaf, ko lauya sai haka. Abin da ya rage a kai wa ƙanina ya sa hannu, a miƙa. Na sa ta a durowa na kulle. Shirina shi ne in bari sai an ƙosa, sai kowa ya fitar da rai, sannan in zaro ta, a san cewa bokon nan da aka raina shi ya fitar da ɗan lele. Kullum ina duba kalanda, ina ce wa kaina akwai sauran lokaci.

A mako na uku na je gidan yari na duba shi. Na tafi da shirin ganin mutum a rame, sai ga shi ya fito yana washe baki. Ko a can farin jininsa bai bar shi ba. Gandirobobi sun gano manomi ne, sun damƙa masa ɗan lambun da ke bayan gini, har ya sa an shuka kuɓewa. Ya riƙe hannuna biyu ya ce Baba ya gaya masa komai na wurina, shi hankalinsa kwance. Damuwarsa ɗaya gero, kada a kai girbi yana nan. Sannan ya rage murya ya ce duk Juma'a Baba na zuwa da dambu, kuma zuwan farko da ya gan shi cikin kayan fursuna sai da ya yi hawaye.

Ni ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar da aka binne mahaifiyarsa. Na fito daga wurin ina tambayar kaina, da ni ne a ciki, wa zai daka mini dambu? Shi yana ɗaure, ni ina yawo a sake, amma wallahi a ranar shi nake wa hassada.

Duk da haka tausayinsa ya kama ni. Ranar kasuwa ta gaba, kwana ashirin da huɗu da hukuncin, na ciro takardar daga durowa na ninke ta a aljihu, na ce yau za a gama. Na iske Baba ya zo da maƙwabcin namu, hannunsa rataye a wuya da tsumma. Bawan Allah ya ce shi fa kunya ta hana shi sakat, shanunsa suka jawo, a kai shi duk inda za a kai shi ya faɗa da bakinsa. Na shiga ciki in sa a kawo musu ruwa. Ina dawowa, daidai zaure, na ji Baba na magana da shi.

Cewa yake, “Wancan na ciki takarda ya sani, Allah shi yi mashi albarka, yana ƙoƙari. Amma wanda ke ɗaure shi ne gidan. In babu shi, ni ban san wa zan bar ma gonakin ga ba.”

Ba da mugunta ya faɗa ba, ko rage murya bai yi ba. Shi a wurinsa magana ce kamar a ce gobe Alhamis. Na tsaya da kofuna a hannu har ruwan ya fara zuba a ƙafata. Da na fita na ajiye musu, Baba ya tambaye ni ina aka kwana, na ce ana nan ana kai. Takardar tana aljihuna, ina jin kaifin ninkinta a ƙirjina, ban ciro ta ba. Washegari na mayar da ita durowa na ce sai mako mai zuwa. Ni da aikina ke nan ƙirga wa mutane kwanaki, na san sarai mako mai zuwa talatin da ɗaya ne.

Ranar talatin da ɗaya Baba ya zo, bai ko zauna ba. Ya ce haƙurinsa ya ƙare, gero ya fara nuna, gobe shi da kansa zai ga alƙalin, in same su shi da maƙwabcinmu a Kurfi. Na kawo dalilai, ya ce ya ji, in dai zo.

Alƙalin ya karɓe mu a ofishinsa bayan ya tashi daga zama. Ya ba Baba kujera, Baba ya ƙi, ya zauna a ƙasa. Maƙwabcinmu ya yi bayaninsa, ya ɗaga hannun ya nuna har ya fara motsa yatsu. Alƙali ya saurare su har ƙarshe bai katse su ba, sannan ya ce ya ji daɗin wannan sulhu, kuma da kafin hukunci aka zo masa da shi da a ranar zai rufe maganar. Amma yanzu ko ɗansa ne a ciki ba shi da ikon taɓa abin da ya riga ya sa wa hannu, in ba kuskuren rubutu ba.

Baba ya matsa gaba ya ce, “To ranka shi daɗe, a ce kuskuren ne mana. Wa zai sani?”

Alƙali ya yi murmushi ya ce shi zai sani. Ya ce hanya ɗaya ce, babbar kotu, kuma ya ɗauka tuni an bi ta, don kwana talatin ake bayarwa. Baba ya tambaya daga yaushe ake fara ƙirgawa, aka ce daga ranar hukunci. Na ga ya sunkuyar da kai yana lanƙwasa yatsu. Da ranakun kasuwa yake lissafi, kuma kowace kasuwa a cikinsu a gidana ya yi ta. Ya kai ƙarshe, ya sake farowa. Alƙali ya ce yau talatin da biyu, amma ana iya roƙon ƙarin lokaci, sai dai dole a kawo dalilin jinkirin a rubuce, a yi rantsuwa a kansa. Yana faɗin haka ya ɗago ya dube ni, kallo ɗaya, ya mayar da idonsa kan tebur.

A waje, ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya, Baba ya bari maƙwabcinmu ya yi gaba, sannan ya tambaye ni ba tare da ya juyo ba.

“Ka san da kwana talatin ɗin ga?”

Na ce, “Na sani, Baba.”

“Tun yaushe?”

“Tun ranar da ka fara zuwa.”

Na jira ya zage ni, ko ya tambaye ni dalili. Na ma shirya dalilin, shekara arba'in ina tara shi, ina so a tambaye ni sau ɗaya in zazzage. Bai tambaya ba. Ya gyara hularsa ya bi bayan maƙwabcinmu.

Shi ya nemo lauya da kansa a Dutsin-Ma, ta hannun wani mai sayar da taki. Ni dai na ji labari na bi su, ba wanda ya kore ni, ba kuma wanda ya ce in zauna. Lauyan bai ɓoye masa komai ba. Ya ce manyan kotuna sun shiga dogon hutu, kafin a saurari roƙon ƙarin lokaci, a ba da shi, a zo kan ƙarar kanta, mai wata shida da ya kama kansa ya riga ya cinye wata huɗunsa ya fito, don akan yafe wa mai ladabi sauran biyun. Haka kuwa aka yi daga baya. Ƙanina ya fito da ƙafarsa bayan an gama girbi, geron da aka samu bai kai rabin na bara ba, kuma har gobe yana gaya wa mutane irin wahalar da Yaya ya sha a kansa. Babu wanda ya gaya masa gaskiyar abin da ya faru. Amma a ranar, a gaban lauyan, Baba ya ce ko kwana ɗaya za a rage wa yaron, a shigar.

Lauya ya jawo takarda ya ce to me za a rubuta a matsayin dalilin jinkiri. Ya san ni, muna haɗuwa a harabar kotu, don haka ya ɗan yi dariya ya ce ai ba za a ce rashin sani ba, tunda ga ɗa a cikin gida yana aikin.

Baba ya ce, “Rubuta ni manomi ne, ban yi boko ba. Ɗana da ke yi mani komai shi ne a ɗaure. Ba ni da wanda zai gaya mani.”

Lauya ya dube ni. Na dubi ƙasa. Ya rubuta.

Aka buga, muka ɗunguma zuwa wurin mai ba da rantsuwa, wanda shi ma abokin aikina ne, ya sha cin abinci a gidana. Ya karanta wa Baba takardar da Hausa layi bayan layi, da ya zo layin “ba ni da wanda zai gaya mani” ya tambaye shi ko haka ne. Baba mutum ne da ko a ciniki ba ya cewa wallahi, yakan ce wanda ba a yarda da maganarsa ba rantsuwarsa ma banza ce. Ya ce haka ne. Ya je ya yi alwala, ya dawo ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ya rantse, ya dangwala yatsa, aka buga hatimi.

Har yau ban sani ba ko asirina ya rufa don kada aikina ya taɓu, ko kuwa abin da ke ransa ya faɗa tsakaninsa da Allah. Na fi zaton na biyun, don Baba ba ya rantsuwa a kan ƙarya.

Da muka fito ana ta kiran sallar la'asar. Ya tsaya a bakin titi ya tambayi lauyan ko har yanzu ana samun motar Kurfi a tasha, ko sai ya hau ɗan acaɓa. Ina tsaye kusa da shi, taku biyu, da makullin babur a hannuna.